Murafan Kwalba Bakwai

Ruwan dare ya ɗauke da asuba.
Na fito da silifa ɗaya nawa, ɗaya na Tasallah,
ƙuli-ƙulin ɗari biyu a aljihu,
da murafan kwalba bakwai.

Saratu ta ma'aikatar gona ce ta koya mini a waya:
Baba, ka marmasa, ka zuba, ka ajiye a inuwa,
ka ba su rabin awa.
Kada ka tona da hannu.
Sau biyu ta faɗi wannan.

Ɗaya a gindin rijiya.
Ɗaya bayan murhu, inda toka ta jiƙe ta zama kunu.
Biyu a bakin kwata.
Ɗaya ƙarƙashin tsohon kekena
da bai taka Kakuri ba tun da aka rufe masaƙa.
Sauran na bi katanga da su, gwiwa tana ƙara.

Na san tururuwar gidan nan,
shekara talatin da ɗaya muna zaman haƙuri.
Kiyashi ɓarawon sukari ne, ba ya musu.
Cinnaka bai san na gida ba, amma ya ciza ya wuce.
Kwarkwasa kan zo da rundunarta sau ɗaya a damina,
mu naɗe tabarma, mu ba ta hanya.
Abin da ya hau ƙafar Uwani ranar Talata
ba ɗan Unguwar Sanusi ba ne.
Ƙwallo ta je ɗaukowa,
ta dawo tana tsalle kamar ta taka garwashi.
Washegari idon sawunta duk ƙuraje masu farin kai.
Na ƙirga sha tara kafin ta janye ƙafar.

Na zauna a kan turmi.
Jirgin Rigasa ya yi kuka can nesa.
Mai koko ta wuce, ban kira ta ba.
Dattijo da furfura yana gadin ƙuli-ƙuli,
ko kaza sai da ta karkata kai ta dube ni.

Na farko: kiyashi.
Na biyu: kiyashi, da ƙuda ɗaya ɗan cin arziki.
Na kwata babu kowa.
Har na fara cewa alhamdu lillahi
sai na isa na bakwai.

Ban ga murfin ba.
Ja ne ya rufe shi, ja mai motsi,
manya da ƙanana a cakuɗe, ba sahu, ba jagora.
Gefe kuma tudun ƙasa mai laushi kamar an tankaɗe ta,
ba ƙofa ko ɗaya a samansa.
Na soka kara.
Ƙasa ta tafasa.
Kafin in ce bismillah sun kai rabin karan,
na jefar, na ja baya, silifar Tasallah ta tsaya a can.

A gindin gwaibata ne.
Dashen da na sayo bara wajen masu furanni a bakin gada,
na rungumo shi a Keke Napep kamar jariri,
da baƙar ledarsa, da ƙasarsa,
har ina murna an rage mini ɗari.
Ni na biya musu kuɗin mota.

Kaduna ba ta tambayar baƙo daga ina,
ni ma da akwatin kwano na sauka.
Sai dai ni ban harbi jikar kowa ba.

Na durƙusa daga nesa, na bi su da ido.
Wani siririn zare ya bar tudun,
ya bi tushen katanga,
ya shige tsagar da ke kaiwa gidan Bitrus.
Bitrus da rabonmu da gaisuwa
tun rigimar kwatar nan, damina uku.
'Yan biyunsa yanzu suke rarrafe.

Na shafa aljihu.
Akwai sauran ƙuli-ƙuli uku.
Tasallah, miƙo mini takalmi sau-ciki,
da waya,
da wasu murafan.